Sa wa injin gurzar haƙori mai da kula da shi: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa ɗan ƙaramin inji irin wannan yake buƙatar mai kullum?

Saboda gudun da yake yi. Injin da likitan haƙori ke riƙewa kamar alƙalami, wanda ma'aikata ke ce wa hanfis, iska ce ke juya wata 'yar farfela a cikin kansa. Tun 1957 da Ba'amurken nan John Borden ya fito da irin wannan ƙira, gudun farfelar kan kai juyi 300,000 zuwa 400,000 a minti ɗaya. Duk wannan gudu a kan boris biyu ƙanana yake, wato zobba masu ƙwallayen ƙarfe da farfelar ke juyawa a kansu. Da zarar mai ya ƙafe, garin haƙori da miyau da jini su samu shiga, sai boris ya fara cin kansa. Ƙara ta canza, kai ya yi zafi, tsinken gurza ya fara rawa. Hanfis mai tafiya a hankali, wanda ba ya wuce juyi 40,000, shi ma yana son mai, domin giya irin ta mota ce a cikinsa.

Yaushe ake sa man, kafin a dafa ko bayan an dafa?

Bayan kowane majiyyaci, kafin a sa shi a tukunyar tururi ta otokilef. Nan ne ake yawan kuskure. Idan aka dafa shi da datti a ciki, zafin digiri 134 zai ƙona dattin ya manne a jikin boris, mai kuma ba zai iya fitar da shi daga baya ba. Wasu kamfanoni na son a ƙara ɗan mai bayan dahuwa, to wannan sai da gwangwani na daban mai tsabta. Takardar da ta zo da injin ita ce alƙali.

Yaya ake yi daki-daki?

Kafin a cire shi daga tiyon da ke kawo masa iska da ruwa, a bar ruwa da iska su gudana daƙiƙa 20 zuwa 30. A zare tsinke, a goge bayan injin da ɗan buroshi da tsumma mai laima. Sai a girgiza gwangwanin mai, a riƙe shi a tsaye, a fesa ta ramin da iska ke shiga. A inji mai rami huɗu, ƙaramin cikin manyan ramuka biyun ne. Wanda ya fesa ta ɗayan ya zuba mai a hanyar fitar iska, farfela ba ta samu komai ba. A ci gaba har man da ke fitowa ta kai ya zama fari tas a kan takarda.

Matakin da ke biye shi ne wanda gaggawa ke sa a tsallake, kuma ina roƙon kada a tsallake shi: a mayar da injin kan tiyo a kunna kamar rabin minti, rarar mai ta fita. Man da ya rage zafi kan mayar da shi danƙo, wanda ya fantsama a kan haƙori kuma yana hana farin ciko kamawa.

Man keken ɗinki ba zai wadatar ba?

A'a. Shi da man feshin kwance tsatsa na WD-40 ba a yi su don bakin mutum ko zafin tururi ba. Man da aka yi don hanfis, irin su Pana Spray na kamfanin NSK ko KaVo Spray, suna da tsada, amma canza farfela ya fi su tsada nesa ba kusa ba.

Idan aka jiƙa shi a ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta fa?

Tsatsa za a janyo masa, cikinsa kuma bai tsarkaka ba. Gogewa da sifirit ma baya kawai take wankewa. Idan injin ya tsaya yakan zuƙo ɗan ruwan baki zuwa ciki, ciwon hanta nau'in B kuwa ta jini yake bi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, a ƙa'idojinta na 2003, ta ce a dafa shi tsakanin kowane majiyyaci da na bayansa. Asibitin da ke da inji ɗaya tak yana buƙatar ƙari, ba uzuri ba. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar dahuwa, a sake daga farko, kuma a bari ya huce da kansa, kada a tsoma shi a ruwan sanyi.

Ana yin duk wannan amma yana mutuwa da wuri. Mene ne dalili?

A duba kwamfireso, injin da ke tura masa iska. Da damina ruwa na taruwa a tankinsa, iska ta kwaso shi ta wanke man da ke boris, don haka a riƙa tsiyaye tankin kullum. Da hunturu ƙura ce ke toshe matatar iska. Sannan kada ƙarfin iska ya wuce abin da kamfani ya rubuta, kuma tsinken da ya lanƙwashe a yar da shi nan take.