"Kayan da aka fita da su ba a dawowa da su": Ina ikon mai shago ya tsaya a doka?

Duk lokacin da aka ji an hana wani shiga kanti ko gidan abinci a Kaduna, magana biyu ce ke yawo a WhatsApp. Wasu su ce mai wurin ya taka tsarin mulki, a maka shi kotu. Wasu kuma su ce ai dukiyarsa ce, abin da ya ga dama shi zai yi. Kowannensu rabin zancen ya riƙe.

Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, asali, jinsi, addini ko ra'ayin siyasa, amma lafazinsa a kan dokoki da ayyukan gwamnati yake. Ciniki kuwa sai da yardar mai saye da mai sayarwa. Saboda haka mai shago na iya hana bashi, ya ƙi ragi, ya sa lokacin rufewa, ya ce a ajiye jaka a bakin ƙofa, ya sallami wanda ya zo da rigima. Babu laifi a cikin waɗannan.

Sai dai akwai inda doka ta ja masa layi. Korar mutum saboda nakasa laifi ne a dokar masu buƙata ta musamman ta 2018: tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun ga mutum, naira miliyan 1 ga kamfani. Ƙin karɓar naira laifi ne a dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007. Asibiti mai zaman kansa ba shi da ikon mayar da wanda aka kawo cikin halin gaggawa, bisa sashe na 20 na dokar lafiya ta 2014. A Afrilun 2024 ma hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta rufe wani kanti a Abuja bisa zargin hana 'yan Najeriya shiga.

Inda aka fi samun ruɗani shi ne rubutun nan na ƙasan rasit. Daga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi har shagunan waya na titin Ahmadu Bello, da yawa sun ɗauka da zarar an buga "ba a dawo da kaya", magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, FCCPA, a sashe na 129, ta hana sharaɗin da zai ƙwace wa mai saye haƙƙin da doka ta ba shi. Sashe na 132 kuma ya ba shi wata uku daga ranar da ya karɓi kaya: idan suna da aibi ko ba sa aikin da aka saye su dominsa, zai mayar, a gyara masa, ko a canza, ko a ba shi kuɗinsa, kuma ɗawainiyar mayarwar tana wuyan mai sayarwa.

Amma masu saye su ma su lura. Wanda ya duba atamfa da idonsa, ya zaɓa, ya je gida uwargida ta ce launin bai yi mata ba, wannan ba aibi ba ne. Haka wanda ya tayar da janareta babu man inji har ya ƙone. A nan mai shago ke da gaskiya, in ya karɓa to alfarma ya yi.

Hukuncin shi ke firgita 'yan kasuwa, kuma ana karanta shi a karkace. Sashe na 155 na dokar FCCPA ya ce mutum ɗaya zai iya fuskantar ɗaurin da bai wuce shekara 5 ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 10 ba, ko duka biyun. Wannan ƙololuwa ce, alƙali na iya yanke ƙasa da haka sosai, kuma sai bayan kotu ta tabbatar da laifi. Kamfani kuwa tararsa daga naira miliyan 100 take farawa, ko kashi 10 cikin 100 na cinikinsa na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. A ganina nan dokar ta yi tsauri: ƙaramin shagon da aka yi wa rajistar kamfani a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, don kawai a samu kwangila ya shiga sahu ɗaya da manyan masana'antu, alhali duk jarinsa bai kai rabin tarar ba.

In saɓani ya tashi, kada mai shago ya kulle mutum a ciki, kada kuma mai saye ya ɗauko 'yan sanda, domin dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. A riƙe rasit, a ɗauki hoton aibin, a fara komawa wurin mai shagon. In ya ƙi, a kai ƙorafi FCCPC ko kotu.