Yadda ƙwayar HIV ke bijire wa magani: abin da aka gani a ƙasar Sin

A 2003 gwamnatin Sin ta fara raba maganin rage kaifin cutar kanjamau kyauta a faɗin ƙasar. Na farkon karɓa, akasarinsu manoma ne na lardin Henan da maƙwabtansa, waɗanda suka kamu ta hanyar sayar da ruwan jini a shekarun 1990. Haɗin da ake ba su a lokacin, zidovudine ko stavudine tare da didanosine da nevirapine, yana wahalar da jiki: tashin zuciya, ƙuraje, zugin ƙafafu. Da yawa sai suka riƙa sha yau, su bar gobe. Nan matsalar ta samo tushe.

Ƙwayar HIV tana hayayyafa biliyoyi a rana a jikin da ba magani, kuma ba ta gyara kuskuren da take yi wajen kwafin kanta. In magani ya cika a jini, hayayyafar ta tsaya. In ya yi ƙaranci, ƙwayoyin cutar masu rauni su mutu, wadda ta sauya kama ta rayu ta cika gida. Sauyi ɗaya tak, wanda masana ke kira K103N, ya isa ya kashe ƙarfin nevirapine da wani maganin HIV mai suna efavirenz gaba ɗaya. Wani sauyin, M184V, kuma shi ke karya maganin lamivudine. Su ne aka fi gani a gwajin marasa lafiyar Sin da magani ya daina yi wa aiki.

Efavirenz yana da wani tarko. Yakan daɗe a jini kwanaki bayan an daina sha, alhali abokan haɗinsa sun riga sun fita. Wanda ya ajiye magani na mako biyu don tafiya ko don ya ji sauƙi, ya bar ƙwayar da magani ɗaya tilo, kuma ɗaya ba ya riƙe ta.

In magani ya daina aiki, jiki ba ya ba da labari da wuri. Gwajin yawan ƙwayar a jini ne ke nunawa: a yi shi wata 6 da fara magani, a sake a wata 12, sannan duk shekara. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, in yawan ƙwayar ya haura 1,000 a kowane mililita na jini, a zauna da ma'aikacin lafiya a gyara yadda ake sha, a sake gwaji bayan wata 3. In bai sauka ba, a sauya haɗin. Ba a sauya magani ɗaya a bar sauran.

Tun 2019 hukumar ta fifita dolutegravir, wanda ke cikin haɗin magunguna uku mai suna TLD da ake bayarwa a Najeriya, saboda ƙwayar ba ta saurin bijire masa. Shi ma yana da sharaɗi. Maganin ƙarin jini, sinadarin kalsiyam da maganin ƙwannafi suna hana shi shiga jini sosai, don haka a sha shi awa 2 kafin su ko awa 6 bayansu. Mai shan rifampicin na tarin fuka kuwa, likita zai ƙara masa dolutegravir miligiram 50, awa 12 bayan na farko.

Ɗan kasuwar da ke shan maganin HIV, in zai je birnin Guangzhou na ƙasar Sin sayen kaya, ya ɗauki maganin da ya fi kwanakin tafiyarsa, ya sa shi a jakar hannu, tare da takardar asibitinsa.