Hasashen galahanga a taurarin ƙagaggun labarai

Hasashen galahanga a taurarin ƙagaggun labarai ɗabi'a ce ta masu karatu da masu kallo, har da wasu likitoci da manazarta adabi, inda ake bin halayen wani tauraro na littafi ko fim ko tatsuniya a ce sun yi kama da na mai galahanga, alhali wanda ya ƙagi labarin bai ce haka ba. Galahanga, wadda ma'aikatan lafiya a Nijar suka fi kira da sunanta na Faransanci, otizim, yanayi ne na ginuwar ƙwaƙwalwa da ke bayyana tun ƙuruciya, yana shafar mu'amala da mutane, da magana, da yadda jiki ke karɓar sauti da haske da taɓi. A shekarun baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta shi a kusan yaro 1 cikin 100. A bakin jama'a kalmar galahanga ta fi haka faɗi, domin akan kira yaro mai shanyewar jiki ko mai jinkirin fahimta da ita, kuma wannan faɗin na daga cikin abubuwan da ke rikita hasashen a ƙasar Hausa.

Ire-iren taurarin

Akan kasa su uku. Akwai wanda labarin kansa ya ambaci yanayinsa, kamar Rizwan Khan a fim ɗin Indiya My Name Is Khan na 2010, ko likita Shaun Murphy a shirin Amurka The Good Doctor da aka fara a 2017. Waɗannan ba sa buƙatar hasashe. Akwai wanda aka cika shi da alamomi amma aka ƙi kiran sunan abin. Sai na uku, wanda aka rubuta shi tun kafin likitanci ya san yanayin, kuma a kansa ne muhawara ta fi tsawo.

Tarihi

Likitan ƙwaƙwalwa ɗan Suwizalan Eugen Bleuler ne ya ƙirƙiri kalmar otizim wajajen 1911, amma yana nufin janyewar da masu wani ciwon taɓin hankali ke yi daga mutane. Bayanin farko mai kama da fahimtar yau ya fito daga Grunya Sukhareva a Mosko, wadda ta siffanta yara maza shida a 1925, aka buga aikin da Jamusanci a 1926, sannan aka yi shekaru da dama ba a waiwaye shi ba. A 1943 Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Baltimore ya wallafa bayanin yara 11, maza takwas mata uku. Shekara guda bayan haka Hans Asperger a Biyana ya siffanta yara maza huɗu masu iya magana sosai, masu nutsewa cikin abu guda, amma masu wahalar zama da tsara.

Muddin ana ɗaukar galahanga a matsayin yanayin yaron da ba ya magana, babu wanda ya yi tunanin neman ta a jikin jaruman littattafai. Ƙofar ta buɗe ne bayan 1981, lokacin da likitar Ingila Lorna Wing ta farfaɗo da aikin Asperger, ta kuma yaɗa fahimtar cewa yanayin mataki-mataki ne, daga mai buƙatar kulawa dare da rana zuwa malamin jami'a da ake yi wa kallon baƙin hali kawai.

Uta Frith, masaniyar halayyar ɗan Adam a Landan, na cikin na farko da suka kai batun ga adabi. A littafinta na 1989 ta tattauna labaran Juniper, ɗaya daga cikin mabiyan Faransis na Assisi, wani malamin Kirista na Italiya, a ƙarni na 13. An ce wani majinyaci ya yi marmarin ƙafar alade, sai Juniper ya shiga daji ya yanke ƙafar alade mai rai ya dafa masa, kuma ya kasa gane abin da ya fusata mai dabbar. Frith ta ga ɗaukar magana yadda aka furta ta a cikin wannan, da rashin hango abin da wani zai ji. Ta kuma taɓo Sherlock Holmes, mai binciken laifuka na ƙagaggun labaran Ingila, wanda tun daga nan ya zama misalin da aka fi jawowa.

Arthur Conan Doyle ya fito da Holmes a 1887, ya rubuta labarai 60 a kansa, dogaye 4 da gajeru 56. Masu hasashe kan kafa hujja da cewa a labarin farko Holmes bai san duniya ce ke zagaya rana ba, kuma bai damu ya sani ba, amma ya rubuta ƙasida kan bambancin tokar taba iri 140. Ba shi da aboki sai Watson, yana faɗin gaskiya ba sakayawa, yana lura da ƙananan abubuwan da kowa ke tsallakewa. Masu musu kuma suna da tasu hujjar mai ƙarfi: Holmes gwanin ɓad-da-kama ne, yana kwaikwayon murya da tafiyar mutane iri-iri, har ya taɓa yin alkawarin aure na ƙarya da wata ƴar aiki domin ya tatsi sirrin gidan maigidanta. Ga shi kuma Doyle da kansa ya ce ya ɗauko dabarar lura ta Holmes daga malaminsa Joseph Bell, likitan tiyata a Edinbara. A 2012 shirin BBC da ya sabunta labarin ya sa Watson ya ambaci yanayin Asperger, wato nau'in galahanga da aka sanya wa sunan likitan Biyana, game da Holmes cikin raha, abin da babu shi a rubutun asali.

An yi wa Darcy, tauraron littafin Pride and Prejudice na marubuciyar Ingila Jane Austen na 1813, irin wannan karatu. A wani wuri yana cewa ba shi da baiwar hira da mutanen da bai taɓa gani ba, ba ya iya kama salon zancensu. Wata mai gyaran magana, Phyllis Ferguson Bottomer, ta fitar da littafi guda a 2007 kan shi da wasu taurarin labarin. Mafi yawan manazarta Austen sun fi karanta halinsa a matsayin girman kan ɗan masu dukiya.

Fim ɗin Rain Man na 1988 ne ya dasa wa duniya hoton da har yau ake auna taurari da shi: mutum mai tsananin bin jadawali, wanda tsinken sakace ya zube ya ce 246 ne da kallo ɗaya. Kim Peek, mutumin da ya ja hankalin marubucin fim ɗin, an haife shi ne ba tare da jijiyoyin da ke haɗa ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu ba, kuma binciken baya ya karkata ga cewa ba galahanga gare shi ba. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kusan mutum 1 cikin 10 masu galahanga ke da irin wannan baiwa ta ban mamaki.

Daga shekarun 1990 masu yanayin da kansu suka shigo zancen. A littafin likita Oliver Sacks na 1995, Temple Grandin, masaniyar dabbobi mai galahanga, ta ce tana ganin kanta a Data, mutum-mutumin shirin Star Trek da ke nazarin ɗabi'un mutane yana ƙoƙarin koyo. Irin wannan magana ba ta iƙirarin likitanci. Mai ita yana cewa ne ya gane kansa a tauraron, kuma mafi yawan hasashen da ake yi a yau daga wannan tushe yake.

Marubuta sun bambanta wajen amsawa. Mark Haddon, wanda littafinsa na 2003 ya shahara a matsayin labarin yaro mai yanayin Asperger, ya bayyana daga baya cewa shi ba masani ba ne, kuma littafin ba kan wannan yake ba. Masu shirin The Big Bang Theory, da ya gudana daga 2007 zuwa 2019, sun ƙi kiran halin tauraronsu Sheldon Cooper da sunan wani yanayi duk da yawan masu tambaya.

Ma'aunin da ake bi

Masu hasashe da hankali kan ɗauko sharuɗɗan kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM-5, na 2013, wanda ya haɗe yanayin Asperger da sauran a ƙarƙashin suna ɗaya. Kashi na farko ya shafi mu'amala, kuma dole a samu dukkan ukun: wahalar musayar zance da motsin rai, wahalar amfani da ido da fuska da hannu wajen isar da saƙo, da wahalar ƙulla abota da riƙe ta. Kashi na biyu abubuwa huɗu ne, ana buƙatar aƙalla biyu: maimaita motsi ko magana, nacewa kan tsari guda da tashin hankali in an sauya shi, nutsewa mai tsanani cikin wani fanni, da ƙarfi ko raunin jin sauti, haske, ƙamshi ko taɓi. Bayan haka sai alamomin su kasance tun ƙuruciya, su kuma hana mutum wani abu a rayuwarsa ta yau da kullum, kuma kada raunin fahimta kaɗai ya isa ya bayyana su.

Yadda ake yi shi ne a tara kowane wuri a labarin da hali ya fito, a rubuta wanda ya ba da shaidar, tauraron ne ko wani ke ba da labarinsa, sannan a tara wuraren da suka saɓa. A ƙarshe a tambayi ko labarin ya riga ya ba da wani dalili, kamar maraici, yaƙi, sarauta ko shaye-shaye.

Inda ake tuntuɓe

Sharaɗin ƙuruciya ne ke fara rushewa. Likita yakan zauna da uwa ya tambaye ta yaushe yaro ya fara nuni da yatsa, ko yana waiwayowa in an kira sunansa, yaya yake wasa yana ɗan shekara biyu. Tauraron labari ba shi da uwar da za a tambaya, kuma abin da marubuci bai rubuta ba babu shi. Na biyu, kashin maimaici da na jin sauti ana yawan tsallake su, a tsaya kan kaɗaici da kaifin basira, shi ya sa kusan kowane ɗan sandan ciki da masanin lissafi na fim ya shiga jerin. Na uku, halin tauraro yana bin buƙatar labari: marubuta goma na iya rubuta shiri guda, wannan ya sa shi ya kasa gane gatse, wancan ya sa shi ya yi gatse a mako na gaba. Taurarin mata kuma ba a cika hasashensu ba, daidai da yadda asibitoci suka daɗe suna gano maza kusan huɗu kan kowace mace ɗaya.

A Maraɗi da sauran ƙasar Hausa

Batun ya fi zuwa ta fina-finan Indiya da na Koriya da ake turawa a waya, ana tattauna su a fada wajen shan shayi. Nan ma akwai cakuɗa: yaron fim ɗin Taare Zameen Par na 2007 matsalar karatu da rubutu gare shi, ba galahanga ba, yayin da Jhilmil ta fim ɗin Barfi na 2012 an shirya ta ne a matsayin mai galahanga.

Ma'aunin da aka gina a Turai da Amurka yana buƙatar gyara kafin a ɗora shi kan labarin Hausa. Yaron da ya sunkuyar da kai gaban babba ladabi ya yi, amaryar da ta ƙi magana a gidan miji kunya ce, uwar da ba ta kiran sunan ɗan fari ko nuna masa so a fili kara take yi. Almajiri na rangaji yana karatun allo, gwani na iya faɗin sau nawa kalma ta zo a Alƙur'ani, kuma duka biyun tarbiyyar tsangaya ce. Abin dubawa shi ne ko tauraron yana yin haka a inda al'ada ba ta nema ba, misali da tsaransa a dandali.

A tatsuniya, Gizo yana da tsamin baki, amma duk rayuwarsa karanta zuciyar wasu ce domin ya yaudare su, don haka ba ya shiga lissafi. Wanda ya fi kusa shi ne wawan da ke cika umarni yadda aka furta shi, irin labarin Juha na Larabawa da aka ce ya kula da ƙofa sai ya ciro ta ya tafi da ita. Dolo ko gaula na wasan barkwanci kuwa yawanci tarkacen alamomi ne da aka haɗa don dariya, baki a karkace da tafiya a gicciye, waɗanda ba su da alaƙa da sharuɗɗan da ke sama.

Akwai kuma labaran musanya, inda ake cewa aljanu sun ɗauke jariri sun ajiye nasu, ko a kira yaro ɗan ruwa. Turai ma ta yi irin wannan imani, kuma wasu masana sun danganta shi da yaran da ke fara magana sannan su daina tsakanin wata 18 da shekara biyu, abin da ke faruwa ga wani kaso na masu galahanga. A yankin Maraɗi, da ke cikin zirin sanƙarau, irin wannan labari na iya kasancewa yana siffanta kurumta bayan sanƙarau, ko farfaɗiya, ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Saboda haka ne gwajin ji ke cikin matakan farko ga yaron da ba ya amsa kira. Iyaye kuma kan yi kuskure ta ɗaya gefen, su ce ɗansu ba shi da galahanga tunda ba ya lissafi kamar na fim.

Saɓani

Masu goyon baya na cewa hasashen yana ba masu yanayin taurarin da za su jingina da su. Masu suka na cewa yana mayar da yanayi mai nauyi abin ado, yana kuma mantawa da waɗanda ba sa magana sam. Kan mutanen gaske da suka shahara, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta hana mambobinta tun 1973 faɗin ra'ayin likitanci game da wanda ba su duba ba. Dokar ba ta shafi taurarin labari ba. Sunan Asperger kansa ya shiga taƙaddama bayan binciken da masanin tarihi Herwig Czech ya wallafa a 2018 kan hulɗar likitan da hukumomin Nazi, wato gwamnatin Hitler, a Biyana.