Fanel ɗin sola ba zafin rana yake ci ba

Jiya a kasuwar Birnin Kebbi na ji wani dattijo na ce ma mai saida sola wai da zafin ga namu ai fanel nan sai ya fi na ko'ina kawo wuta. Na ce Baba wallahi ba haka ba ne, haske yake ci ba zafi ba. Hasken ke bugun sinadarin silikon da ke cikin fanel ya zaburo ilaktiron, wato wasu ƙananan ƙwayoyi da ke cikin silikon ɗin, su kama gudu, shi ne lantarkin, kuma tun 1839 wani masanin kimiyya ɗan Faransa, Becquerel, ya gano haske na iya kawo lantarki.

Zafi ma rage mishi ƙarfi yake. Wat ɗin da aka rubuta a bayan fanel a digiri 25 aka auna shi, duk digiri ɗaya da ya ƙaru sai ya sauka kusan kashi 0.4 cikin ɗari, to duba watan Afrilu nan Kebbi ana 40 da wani abu shi kuma fanel bisa kwano ya kan haura 60, ai ka ga asara. Shi ya sa masu haɗawa da suka san aiki ba su manna shi jikin kwano, tazara suke bari iska na ratsawa ta ƙasa.

Ƙurar hunturu ita kuma haske take tarewa, sai an riƙa gogewa da sassafe.