Dokar da ta hana faɗuwa zuwa daidai da zama a gasar besbol ta Amurka

Ranar 27 ga Satumba, 2024, kulob ɗin Chicago White Sox ya sha kashi a gidan Detroit Tigers da ci 4 da 1. Kashi na 121 ke nan a kaka guda mai wasa 162, kuma tun shigowar ƙarni na ashirin babu kulob ɗin da ya taɓa kwasar kashinsa a hannu haka a babbar gasar besbol ta MLB. Da a ce a shekarun baya ne, wannan abin kunya zai zo da tukuici: su ne za su fara zaɓa ranar rabon sabbin 'yan wasa. Amma da ranar ta zo a Yulin 2025, sai da kulob tara suka ɗauki nasu kafin layi ya zo kansu. Doka ce ta tanadi haka, kuma duk mai son fahimtar gardamar nan da ba ta ƙarewa, wato kulob ɗin da ke tangal-tangal ya rushe ya sake gini ne ko ya ci gaba da fafatawa, sai ya fara da ita.

Mu da muka tashi da ƙwallon ƙafa mun san abin da ke jiran na ƙarshe a teburi. Ko Kano Pillars, da duk tarihinta, ta faɗa ajin 'yan dagaji a 2022. A MLB babu wannan. Kulob 30 ne, 29 a Amurka, ɗaya a Kanada, kuma ko sau nawa aka lallasa ka, kujerarka na nan baɗi. Sannan ba kowa ke zuwa kasuwa ya sayi yaron da ya ga dama ba. Tun 1965 ake raba matasan da suka fito daga sakandare da jami'o'i bi da bi, kuma na ƙarshe a teburi shi ke fara zaɓa. An yi haka ne da kyakkyawar niyya, don kada masu kuɗi su kwashe kowa su bar talakawan kulob da ƙaiƙayi.

Abin da ya sa yaro sabon ɗauka yake da daraja haka shi ne kulob ɗin da ya ɗauke shi ke riƙe da shi har sai ya cika shekara shida a babbar gasa. A shekaru ukun farko yawanci albashi mafi ƙanƙanta ake biyansa, wanda ya kama daga dala 700,000 a 2022. Sai bayan shekara shidan zai sami 'yancin kansa ya tafi inda aka fi tayawa. Ka ga ke nan wanda ya dace da gwani a rabon ya sami doki na miliyoyi a farashin jaki.

To, wasu shugabannin kulob suka zauna suka yi lissafi. Idan na tsakiyar teburi ba ya cin kofi kuma ba ya samun zaɓin farko, me zai hana a sayar da duk wani mai tsada, a cika fili da yara da 'yan cike gurbi, a sha kashi shekara uku ko huɗu, a tara matasa? A lura, ba 'yan wasan ne ke faɗuwa da gangan ba. Suna iya bakin ƙoƙarinsu, don abincinsu ne. Daga ofis ake haɗa tawagar da aka san ba za ta kai labari ba.

Houston Astros ne suka mayar da abin sana'a. An ci su wasa 106 a 2011, 107 a 2012, 111 a 2013, suka yi zaɓin farko sau uku a jere. A cikin ukun nan Carlos Correa ne kaɗai ya amfane su kai tsaye. Mark Appel bai taɓa buga musu wasa a babbar gasa ba, Brady Aiken kuwa ko hannu ba su sa da shi ba, sai dai diyyar rashinsa ce ta ba su damar ɗaukar Alex Bregman a 2015. A 2017 suka ci kofin World Series, wato karawar ƙarshe da ke fitar da zakaran gasar, kodayake daga baya an kama su da satar alamun sirri da abokan karawa ke yi wa junansu a fili a wannan kakar. Chicago Cubs ma sun bi irin hanyar, suka ci kofi a 2016 bayan shekara 108 suna jira. Daga nan kowa ya ce shi ma ga hanya. Sai aka wayi gari kulob da dama ba su da niyyar cin wasa a lokaci guda, tsofaffin 'yan wasa na zaune a gida babu mai taya su, 'yan kallo kuma na biyan kuɗin tikiti su kalli abin da aka riga aka sallama tun kafin a fara.

Wannan na cikin abubuwan da ƙungiyar 'yan wasa ta kafe a kai lokacin da masu kulob suka garƙame ƙofa ranar 2 ga Disamba, 2021. Kwana 99 aka yi ana ja-in-ja, sai 10 ga Maris, 2022 aka cimma sabuwar yarjejeniya. A cikinta dokar ƙuri'a ta fito.

Ga abin da ta ce. Kulob 12 ne ke shiga zagayen fitar da gwani a ƙarshen kaka. Sauran 18 ɗin da suka rasa shiga, su ake jefa wa ƙuri'a a kan gurabe shida na farko na rabon. Uku mafiya muni a teburi rabonsu ɗaya ne, kowanne yana da damar kashi 16.5 cikin ɗari ta samun zaɓin farko, daga nan damar na raguwa har zuwa wanda ya rasa shiga zagayen da ƙyar. A watan Disamba ake yin ta, lokacin babban taron shugabannin kulob. Ana zuba ƙananan ƙwallaye 14 masu lamba a cikin na'ura, a fito da huɗu, a duba takarda a ga wane kulob ne ke da wannan haɗin lambobin. Bayan an cike gurbi shida, sauran sai su jeru bisa tsohon tsari, na ƙasa kafin na sama. Ma'ana wanda ya fi kowa shan kashi yana iya zamewa har na bakwai.

Sashe na biyu ya fi cizo, kuma shi ya kama White Sox. A MLB akwai asusun da ake tara wani kaso na kuɗin shigar kowane kulob a sake rabawa, ta yadda na ƙananan birane ke karɓa daga na manya. Kulob ɗin da ke karɓar wannan tallafi ba zai sami gurbi cikin shidan farko shekara uku a jere ba. Wanda ba ya karɓa kuwa, ko biyu a jere ba zai yi ba. Duk wanda wannan sharaɗi ya hau kansa, ba zai zaɓa sama da na goma ba, komai munin kakarsa. White Sox na babban birni ne, sun riga sun yi zaɓi na biyar a 2024, saboda haka kashi 121 bai saya musu komai ba sai na goma. Haka ta faru da Colorado Rockies, masu karɓar tallafi, da aka ci wasa 119 a 2025 bayan sun shiga shidan farko sau biyu a jere.

A Disambar 2023 an ga yadda dokar ke aiki ido da ido. Lambobin farko da na'ura ta fitar na Washington Nationals ne, amma da yake sun yi zaɓi na biyu a rabon Yulin wannan shekarar, aka soke aka sake juyawa. Sai ta faɗa kan Cleveland Guardians, masu damar kashi 2 kacal, suka ɗauki Travis Bazzana ɗan ƙasar Ostareliya. Su kuwa Athletics da aka ci wasa 112 a wannan kakar, na huɗu suka samu.

Akwai wasu tanade-tanade biyu a yarjejeniyar da suka shafi wannan lissafi. Na farko shi ne ƙara guraben zagayen fitar da gwani daga 10 zuwa 12. Abin kamar ƙarami, amma ya sauya ma'anar zama a tsakiyar teburi. Philadelphia Phillies da nasara 87 suka kai World Series a 2022, Arizona Diamondbacks da 84 suka kai a 2023, shekara biyu bayan an ci su 110. Na biyu, an sa wa kulob ladan ƙarin zaɓi idan ya fara kaka da fitaccen matashinsa kuma yaron ya zama gwarzon sababbin shiga, kamar yadda Seattle Mariners suka samu da Julio Rodríguez. An yi wannan ne don a rage ɗabi'ar ɓoye yaro a ƙaramar gasa na 'yan makonni don a ci masa shekara guda, irin yadda aka yi wa Kris Bryant a 2015, da ya ƙare kaka da kwana 171 alhali 172 ake ƙirgawa shekara.

To yanzu kulob ɗin da ya tsinci kansa a ƙasa a watan Yuli, ranar rufe kasuwar musaya na ƙaratowa, me dokar ke gaya masa? A ganina abu biyu ne mutane ke cakuɗawa, kuma dokar ta raba su. Akwai sayar da ɗan wasan da kwantiraginsa ke ƙarewa nan da wata biyu a karɓi matasa a madadinsa. Akwai kuma ƙone gida gaba ɗaya a zauna jiran rabo. Dokar ba ta taɓa na farko ba ko kaɗan, na biyun ta rage wa riba.

Sayarwa a kan lokaci hankali ne, kuma ƙin yin ta na da tsada. Los Angeles Angels a 2023 suna riƙe da Shohei Ohtani, wanda ya haɗa manyan ayyuka biyu na wasan, jefa ƙwallo da buga ta da sanda, ga kwantiraginsa na ƙarewa. Maimakon su sayar, suka ba da matasansu suka sayo ƙarin 'yan wasa irin su Lucas Giolito, wai a yi ta ta ƙare. Agusta ta zo musu da rugujewa, suka ƙare da nasara 73, Ohtani ya haye Los Angeles Dodgers a kan dala miliyan 700, su kuma suka tashi da zaɓin diyya guda ɗaya. Ba tsuntsu ba tarko. Na fahimci abin da ya hana su, don ba ƙaramin abu ba ne ka kalli magoya bayanka ka ce ka sayar da ɗan wasan da ba a ga irinsa ba tun zamanin Babe Ruth, shahararren ɗan wasan da ya haɗa jifa da bugu a da. Amma ka kwatanta da Nationals da suka rufe ido suka ba San Diego Padres Juan Soto a Agustan 2022, suka karɓo James Wood da CJ Abrams da MacKenzie Gore a ciniki ɗaya. Babu ƙuri'ar da za ta ba ka uku irin waɗannan.

Kuma sayarwa ba ta nufin an yanke ƙauna. Tigers ɗin nan da suka ba White Sox kashi na 121 sun sayar da mai jifansu Jack Flaherty ga Dodgers a ƙarshen Yulin shekarar. Da yake ba su taɓa ginshiƙan tawagar ba, yaran suka taso a Agusta da Satumba, kuma a wannan daren na 27 ga Satumba suka tabbatar da gurbinsu a zagayen fitar da gwani, karon farko tun 2014. Texas Rangers ma ba su jira rabo ba: an ci su 102 a 2021, suka buɗe lalita suka ɗauko Corey Seager da Marcus Semien a kan dala miliyan 500 jimilla, suka ci kofi a 2023.

Inda nake da ja da dokar shi ne an kashe maciji ba a sare kansa ba. Zaɓin farko rabin ribar faɗuwa ne kawai, ɗaya rabin kuɗi ne. Tawagar yara ba ta da tsada, kuma tallafin asusu na shigowa ko an ci ko ba a ci ba. Yarjejeniyar ta sa haraji a kan mai kashe kuɗi da yawa: wanda albashin tawagarsa ya haura dala miliyan 230 a 2022, iyakar da ke hawa har 244 a 2026, zai biya kashi 20 na rarar a karon farko, 30 a na biyu, 50 a na uku. Amma babu wani adadi a ƙasa da aka ce dole kowa ya kashe. Abin da ke akwai shi ne mai karɓar tallafin da albashin tawagarsa bai kai ninki ɗaya da rabi na abin da ya karɓa ba, idan ƙungiyar 'yan wasa ta kai ƙara, shi zai kawo hujjar cewa a kan tawagar ya kashe kuɗin. Wannan barazana ce mai taushi. Mai kulob na iya cewa yana gini shekara da shekaru, alhali ko tubali ɗaya bai ɗora ba.

Dubi Pittsburgh Pirates. Su suka ci ƙuri'ar farko a Disambar 2022, suka ɗauki Paul Skenes, wanda ya zama gwarzon sababbin shiga a 2024 kuma ya lashe kyautar Cy Young ta gwanin masu jifa a 2025. Sa'ar da kowane mai sake gini ke roƙo ta faɗo musu. Amma ba a kewaye shi da masu bugu ba, kulob ɗin ya ci wasa 76 a 2024, ya koma 71 a 2025, zuwa ƙarshen wannan kakar shekara goma ke nan cur ba su leƙa zagayen fitar da gwani ba tun 2015. Kowace kakar da ta wuce ana cire ta ne daga shekara shidan da suke da iko da shi. Masu kulob na cewa in ana son a sa ƙasan albashi to sai a sa rufinsa, wato iyakar da ba wanda zai kashe fiye da ita, 'yan wasa kuwa sun ƙi rufi tun yajin aikin 1994 da ya hana a buga World Series, kuma wa'adin wannan yarjejeniya shi ne 1 ga Disamba, 2026.