Me ke cikin gwangwanin sholisho?

Salamu alaikum jama'a. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a nan Kaduna. Shekaranjiya a hanyar Kawo tayar Keke Napep ɗin da na hau ta yi faci, muka tsaya wajen mai faci, ina tsaye sai ga yaron wurin, bai fi shekara 12 ba, ya buɗe gwangwanin sholisho ya dangwalo da yatsa ya shafa a tif, ya sunkuya yana hurawa don ya yi saurin bushewa, hancinsa dab da abin. Na ce Malam kullum haka yake yi? Ya ce Hajiya ai mu ma haka muka koya.

Shi sholisho abu biyu aka haɗa. Akwai danƙon roba, wanda asalinsa farin ruwa ne kamar madara da ake tatsa a jikin bishiyar roba irin ta Edo da Delta da Kuros Riba, wani kuma robar kamfani ce da ake yi daga ɗanyen mai. Sai ruwan da ake narkar da robar a ciki, shi ne ma ya fi yawa a gwangwanin, kuma dangin fetur ne, su toluwin da hekzen da heften, da can har da benzin wanda aka tabbatar yana jawo kansar jini. Aikin ruwan nan kawai ya sa robar ta shafu, daga nan ya bi iska ya bar danƙon. Shi ya sa gwanin faci yake kankare wurin da sanfefa, ya shafa siriri, ya jira 'yan mintuna ya sha iska sannan ya ɗora facin ya danne, shumeka kuma gefe biyu yake shafawa kafin ya haɗa ya buga da guduma. Wanda ya lafta da yawa ya manna a jiƙe, kafin a kai Mando facin ya ɗaye.

To ruwan da ya bi iska ina ya tafi? Shi ne warin nan, in kana kusa huhunka ya shiga, daga huhu sai jini sai ƙwaƙwalwa. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya da wasu masu sana'ar ke sha wa farasitamol kullum yamma, sau da yawa daga nan ne. Hekzen in aka daɗe ana shaƙa jijiyoyi yake ci, yatsun ƙafa da na hannu su fara mutuwa kamar ana tsira allura, a hankali ƙafa ta yi nauyi. An ga wannan a Japan a shekarun 1960 wurin masu haɗa silifas a cikin gidajensu, ɗaki a rufe. Don Allah 'yan uwa na Panteka da Kasuwar Barci da duk mai ɗan shagon takalma, a yi aikin nan a sarari ko a buɗe taga da ƙofa, a shafa da burushi ko tsinke ba yatsa ba, a rufe gwangwani da an ɗiba, a daina hurawa da baki. Kuma yana kama wuta kamar fetur, ga shi mai faci wutarsa ta gasa faci na gefe, wani ga sigari a baki, a raba su. Wanke hannu da fetur bayan aiki ma ƙari ne a kan ƙari, sabulu da ruwa.

In ƙaramin yaro ya sha sholisho, kar a ɗura masa manja ko madara, kar a sa masa yatsa ya yi amai, aman ne ke tura shi huhu. A ɗauki yaron da gwangwanin sai asibiti. In ido ne a yi ta zuba ruwa mai tsabta kamar minti 15.

Sai maganar da ta fi damuna, yaran da ke zuba shi a tsumma ko leda suna shaƙa don su bugu. Za ka ji warin a riga da numfashi, ido ja, ƙuraje gefen baki da hanci, magana na harɗewa. Toluwin yana lalata ƙwaƙwalwa da ji da ƙoda, kuma abin da iyaye da yawa ba su sani ba, yana rikita bugun zuciya, yaro yana cikin maye aka firgita shi ko aka biyo shi da gudu da bulala zuciyar na iya tsayawa nan take, ko da ranar ya fara. In kun kama shi a haka ku karɓe tsumman a hankali, ku fitar da shi iska, in ya faɗi a kwantar da shi ta gefe a nemi asibiti. Faɗa sai ya dawo hayyacinsa, kuma akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, suna duba masu shaye-shaye.

Ku kuma masu sayarwa, yaron da yake zuwa kullum sayen sholisho, ba keke ba takalmi a hannunsa, Alhaji ka tambaye shi ɗan wane gida ne, ka je ka ga babansa.