Wai dokar bindiga ta Amurka ta ba mutum izinin yaƙar gwamnati?

Duk lokacin da aka harbi ɗan siyasa a Amurka, kamar yadda harsashi ya shafi kunnen Trump a Pennsylvania a Yulin 2024, sai tsohuwar gardamar nan ta sake tashi, wasu su ce a rage bindigogi, wasu su ce ina, ai bindigar da ke hannun talaka ita ke hana gwamnati zalunci. To me dokar ta ce?

Gyara na biyu ne a kundin tsarin mulkinsu, tun 1791, kuma jimla ɗaya ce tal. Ma'anarta dai, tunda tsaron ƙasa mai 'yanci na buƙatar rundunar sa-kai mai tsari, kar a tauye wa jama'a haƙƙin mallakar makami da ɗaukarsa. Waɗanda suka rubuta ba su daɗe da gama yaƙi da Ingila ba, suna tsoron gwamnati ta tara soja ta danne kowa, don haka masu ra'ayin cewa bindiga ke hana zalunci ba daga sama suka tsinto shi ba.

Amma haƙƙin na rundunar ne ko na kowane mutum? Sai a 2008, a shari'ar Heller, kotun ƙoli da rinjayen alƙalai 5 kan 4 ta ce na mutum ne, ya ajiye bindiga a gida don kare kansa. A 2022 ta ƙara da cewa zai iya fita da ita waje. Kare kai fa, nan ne kotun ta kafa hujjarta, kuma ta ce haƙƙin yana da iyaka.

Abin da ake yawan tsallakewa shi ne, wannan kundin dai ya kira ɗaukar makami a yaƙi ƙasa cin amana, ya kuma ba majalisa ikon kiran rundunar sa-kan ta murƙushe tawaye. A 1794 da manoman yammacin Pennsylvania suka yi bore kan harajin giya, shugaban ƙasa George Washington da kansa ya tara dakaru wajen 13,000 a kansu.

Ni abin da ke tayar min da hankali, wa zai yanke cewa gwamnati ta zama azzaluma? In aka bar wa duk mai riƙe da bindiga, to John Wilkes Booth ma da ya harbe shugaban ƙasa Abraham Lincoln a 1865 ya yi imani azzalumi ya kashe, alhali Lincoln zaɓensa aka yi har sau biyu.